Dalilin da Ya Sa Karnukan Tungar Maje Ke da Kunne Ɗaya a Tsaye

Dalilin da ya sa karnukan garinmu suke da kunnen dama a tsaye, na hagu a kwance, shi zan faɗa muku da la'asar ɗin nan. Ku gyara zama, domin yau da safe an yi mana rashin adalci, kuma a rubuce aka yi shi. Hindatu, ga ta nan zaune a cikinku, ta kai ɗan kwikwiyonta wurin masu allurar rigakafin dabbobi da suka sauka a gindin tsamiyar kasuwa. Saurayin da ke cike kati ya ɗaga kwikwiyon, ya juya shi, ya ce ƙafafun na karen farauta ne, gashin na karen ruwa ne, kunnuwan kuwa su kansu ba su shirya da juna ba. Sai ya je gurbin da aka ce a sa irin kare, ya rubuta "babu". Ga katin nan a hannuna. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, ban taɓa barin ɗalibi ya ce abu babu shi don kawai shi bai san shi ba. Hindatu, share hawayenki. Karenki yana da iri, yana da asali, har da shari'ar da aka yi a kansa.

A da can, tun kafin a haifi kakan kakana, karnuka iri biyu ne kawai a Tungar Maje. Akwai na mafarauta, dogaye, masu siririn ƙugu da faɗin ƙirji, idan suka tasar wa zomo sai dai ka ga ƙura. Amma ko kududdufi suka tarar sai sun zagaye shi. Akwai kuma na masunta, gajeru, masu kaurin gashi da fata tsakanin yatsu. Su ne ke faɗawa gulbi su ɗauko gora ko igiyar da ruwa ya ja. A tudu kuwa ko kaza ba sa iya kamawa.

Wata shekara karnukan da ba su da masu su suka yi ɓarna, suka cinye kifin da aka shanya, suka kashe 'yan awaki. Sai Mai Gari Nomau ya kafa doka. Duk ɗan kwikwiyon da ya cika wata shida a kawo shi ƙofar gidansa. Idan Sarkin Baka, shugaban mafarauta, ya ce nasu ne, sai ya sa aska ya rage masa bakin kunnuwa don kada ƙaya ta yage su a daji. Idan Sarkin Ruwa, shugaban masunta, ya ce nasu ne, sai ya ɗaura masa ƙyallen tsohuwar koma, ragar kamun kifi, a wuya. Wanda babu mai karɓarsa a cikin su biyun, a sa shi a kwale-kwale a haye da shi gulbi a bar shi can hayi, inda babu gida ko ɗaya sai kuraye.

A lokacin akwai wata tsohuwa mai daddawa, sunanta Inna Kyauta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata sun yi aure a wasu garuruwa, idanunta kuma sun fara yin hazo. Wata rana ta je tsintar ɗorawa a bayan gari, ta ji abu yana kuka a cikin ciyawa. Ta laluba, ta ɗauko ɗan kwikwiyo wanda ko idonsa bai gama buɗewa ba. Ta sa shi a ƙwarya ta kawo gida, ta raɗa masa suna Tsintau.

Tsintau ya tashi da wata ɗabi'a da babu wanda ya koya masa. Duk abin da ya faɗi daga hannun Inna Kyauta, kafin ta sunkuya ta fara lalube ya ɗauko ya ajiye mata a ƙafa. Sanda ce, takalmi ne, ludayi ne, duk ɗaya. Kuma bai taɓa sa wa abu haƙori ba. Ranar da ƙwai ya gangaro daga akurki, haka ya kawo shi bai fashe ba. Ita kuwa mace ce mai tsafta, idan ludayi ne ko mara sai ta wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, tana yi masa faɗa tana cewa ya ƙara mata aiki. Amma maƙwabta sun lura cewa tun zuwan Tsintau ta daina kiran kowa ya zo ya nemo mata abu.

Da ya cika wata shida, ta ɗaura masa igiya ta kai shi ƙofar Mai Gari kamar yadda doka ta ce. Sarkin Baka na lokacin sunansa Jatau, dogo ne mai saurin magana. Sarkin Ruwa kuwa Arzika, gajere mai ƙiba, ba ya gaggawa a komai. Tare suka tashi, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su tsokani juna ba.

Jatau ya fara dubawa. Ya auna ƙafafun da tafin hannu, ya shafa ƙirjin, ya ce wannan ƙirjin namu ne, ƙugun ma namu ne. Sannan ya buɗe yatsun karen ya ga fata a tsakani, ya ja kunnuwan ya ga duk biyun sun zubo kamar ganyen da rana ta doka. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya ce wannan ɗan gidan Arzika ne, ƙarnin kifi ma yake yi.

Arzika ya durƙusa a hankali. Ya yarda cewa gashin nasu ne, yatsun ma nasu ne. Amma ya ce kare mai ƙafafu kamar na zalɓe idan ya miƙe a cikin kwale-kwale kifar da shi zai yi. Ya ce a mayar wa Jatau kayansa.

Mai Gari ya ce tun da ido ya kasa, a gwada shi da aiki. Aka fita bayan gari, mafarauta suka tayar da zomo. Tsintau ya bi shi, ya wuce duk karnukan Jatau, ya kama shi kafin ya kai bakin rami. Jatau har ya fara murmushi yana laluben askarsa. Sai ga Tsintau ya dawo da zomon a baki, ya wuce Jatau kamar bai gan shi ba, ya ajiye shi a ƙafar Inna Kyauta. Zomon ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya kakkaɓe kunne, ya dubi jama'a, ya ruga daji. Mutane suka yi ta dariya. Jatau ya ce shi ba ya kiwon karen da ke ɗaukar nama yawon shan iska.

Aka gangara bakin gulbi, Arzika ya jefa gora tsakiyar ruwa. Tsintau ya faɗa, ya ɗauko, ya fito. Arzika ya miƙa hannu. Karen ya wuce shi, ya hau tudu a guje, ya kai wa Inna Kyauta gorar can inda take zaune a inuwa. Arzika ya ce to, idan yana tsakiyar gulbi gorarsa ta faɗi, sai ya tuƙo zuwa gidan mai daddawa ya karɓa ke nan.

Inna Kyauta ta durƙusa gaban Mai Gari. Ta ce, "Ranka ya daɗe, karen nan bai ci kifin kowa ba, bai taɓa akuyar kowa ba. Shi ne idona. Idan don iri ne, a rubuta shi a irina."

Mai Gari Nomau mutumin kirki ne, amma shi ya kafa dokar da bakinsa, kuma a watan da ya wuce an haye da karen ƙanensa. Ya ce ba zai iya yi wa wani abin da bai yi wa ɗan'uwansa ba. Ya ba ta kwana uku, idan ranar kasuwa ta zo babu wanda ya karɓi karen a cikin sarakunan biyu, za a haye da shi.

A kwana ukun nan ta je gidan Jatau da ƙullin daddawa. Ya karɓa ya gode, ya ce miyarsu za ta yi daɗi, amma idan ya sa wa wannan kare aska sauran mafarauta za su daina gaishe shi. Ta je gidan Arzika. Shi ma ya karɓa, ya ba ta kifi busasshe, ya ce ta yi haƙuri. Ta dawo gida ta zauna a bakin murhu. Sandarta ta zame ta faɗi, Tsintau ya ɗauko ya ajiye mata. Ranar ba ta yi masa faɗa ba.

Ranar kasuwa da hantsi aka kawo kwale-kwale. Bisa al'ada Sarkin Ruwa ne ke tuƙi, Sarkin Baka ke riƙe kare. Inna Kyauta ta ce ita ma za ta shiga. Suka ce gulbi ya kawo, ruwa yana da ƙarfi, ta zauna. Ta ce ita ta ɗauko shi daga ciyawa da hannunta, ita za ta ajiye shi da hannunta. Ta shiga ta zauna a tsakiya.

Ba su yi nisa da gaɓa ba sarakunan biyu suka fara. Jatau ya ce duk wannan wahala laifin masunta ne da ba sa ɗaure karyarsu. Arzika ya ce karyarsu ba ta taɓa hawa tudu ba, wani ɗan iskan karen farauta ne ya gangaro bakin ruwa. Jatau ya ce karensa ko raɓa ba ya takawa. Arzika, wanda ba ya fushi da wuri, ya ɗaga filafilinsa, wato katakon tuƙi mai faɗin baki, yana nuna Jatau da shi yana cewa ya maimaita. Jatau ya kaɗe shi da bayan hannu. Filafilin ya suɓuce, ya faɗa ruwa, ya juya sau biyu, ya je ya maƙale a cikin ciyawar gaɓa. Kuma shi kaɗai ne filafili a jirgin.

Ku da kuke zuwa wanki kun san Maƙoshi, wurin da gulbi ke matsewa tsakanin duwatsu a ƙasan gari. A rani kukan tsallaka shi da ƙafa. Da damina kuwa ko gungume ya shiga sai ya fito a farfashe. Ruwa ya ɗauki kwale-kwalen ya nufi can da shi. Arzika ya iya iyo, amma Jatau bai iya ba, Inna Kyauta ma haka. Arzika ya sa hannu yana tuƙi da tafi, bai hana komai ba. Jatau ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu yana salati, ya manta da igiyar kare.

Inna Kyauta ba ta ga abin da ya faru sosai ba, amma ta ji ƙarar abu ya faɗi. Sai ta faɗi abin da take faɗa kullum a gida.

"Tsintau, ɗauko."

Karen ya faɗa ruwa. Ya yanka zuwa gaɓa, ya shiga ciyawa, ya ciro filafilin. Kafin nan jirgi ya yi nisa. Da karen masunta ne, da iyo zai biyo su, kuma ba zai taɓa cim musu ba. Da karen farauta ne, ai ko ruwan ba zai shiga ba. Tsintau ya hau tudu da katakon a baki, ya miƙe ƙafafun nan da Arzika ya ce na zalɓe ne. Mutanen da ke bakin kasuwa suka ga abu ya wuce su kamar kibiya. Ya bi gaɓa, ya wuce jirgin, ya kai inda gulbi ya yi gwiwa kafin Maƙoshi, ya sake faɗawa ruwa, ya tare su ta gaba.

Arzika ya kama shi ta wuya ya jawo shi ciki, ya miƙa hannu zai karɓi filafilin. Tsintau ya kau da kai, ya taka cikin Jatau, ya ajiye katakon a cinyar Inna Kyauta. Ita kuwa da ta laluba ta ji yawu a jiki, sai ta fara neman ƙasar wankewa.

Arzika ya ce, "Inna, don girman Allah, gulbi ya wanke shi sau ɗari. Miƙo."

Ta miƙa. Ya kafa gwiwa ya tuƙa da duk ƙarfinsa, ana jin rurin Maƙoshi, har jirgin ya daki yashin gaɓarmu, saura taku kaɗan su shiga duwatsu.

Jatau ne ya fara sauka. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Ya ce duk wanda ya ga wannan gudu ya san jinin karnukansa ne, shi dama tun farko ya faɗi cewa ƙirjin nasu ne. Ya kama kunnen dama na Tsintau ya ja sama, ya zaro aska zai yi masa shaida. Arzika ya yi wuf ya kama kunnen hagu ya ja ƙasa, ya ce gudu ba ya ciro filafili daga ruwa, wannan ɗan gidansu ne, ga ƙyallen koma nan a aljihunsa. Wannan na ja sama, wancan na ja ƙasa, kare na kuka a tsakiya. Inna Kyauta ta bi sautin kukan da sandarta. Ba ta ganin wanda take duka, saboda haka kowa ya samu rabonsa daidai.

Ana cikin haka Mai Gari ya iso da jama'ar kasuwa. Aka ba shi labari. Ya ce su sake shi. Da suka saki, kunnen dama ya tsaya cak yana kallon sama, na hagu ya kwanta. Aka shafa, aka lanƙwasa, bai koma ba.

Inna Kyauta ta ce tana da magana. Ta ce kwana uku tana yawo gida-gida, kowa ya ci daddawarta ya ce karenta ba shi da iri. Yanzu da ya fitar da su daga bakin Maƙoshi kowa ya tuna danginsa ne. Ta ce ba za ta bar wurin ba sai an faɗa a gaban jama'a ko shi wane ne.

Sai Mai Gari ya cire hularsa ya jefa can kan yashi. Ya ce Jatau ya tsaya nan, Arzika ya tsaya can, kowa ya kira karen, wanda ya kai wa hular shi ke da shi. Tsintau ya ɗauko hula. Jatau ya yi fito irin na mafarauta. Arzika ya buga cinya yana kiransa da sunaye masu daɗi. Inna Kyauta ba ta kira shi ba, tana gyara ɗaurin zanenta. Karen ya bi ta tsakaninsu ya ajiye hular Mai Gari a ƙafarta.

Mai Gari ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce to shari'a ta ƙare. Kunnen dama na Sarkin Baka ne, amma ba za a sa masa aska ba, ai ya riga ya tsaya da kansa. Kunnen hagu na Sarkin Ruwa ne. Abin da ke tsakanin kunnuwan kuwa ya riga ya nuna mai shi. Ya ƙara da cewa tun da kowannensu ya ce yana da rabo a jikin karen, kowa ya ciyar da rabonsa. Duk ranar da aka dawo farauta Jatau ya aika da ƙashi gidan Inna Kyauta, duk ranar da aka dawo kamun kifi Arzika ya aika da kan kifi. Daga ranar iri uku ne na kare a Tungar Maje, na ukun sunansa karen Kyauta.

Jatau ya tambaya ko ƙashin na kunne ɗaya ne kawai, don kada ya ciyar da na Arzika. Arzika ya ce ya kwantar da hankalinsa, kunnensa ba ya cin abin da ya kwana a jakar mafarauci. Haka suka hau tudu suna yi. Inna Kyauta ta tsaya ta wanke hular Mai Gari sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yana tsaye kai babu hula yana jira.

Ta yi shekara tara bayan haka, kuma an ce miyar gidanta ba ta ƙara rasa kifi ba, domin Arzika yakan manta ya cire kan daga jikin kifin kafin ya aika. Tsintau ya hayayyafa. Duk ɗan da aka haifa daga zuriyarsa, idan ya cika wata shida, sai kunnen dama ya miƙe, na hagu ya kwanta. Na san abin da littafin kimiyya ya ce game da gado, ni na koyar da shi, ba sai wani ya ɗaga mini hannu ba. Ni dai abin da kakata ta faɗa mini na faɗa muku, kunnuwan kuma ga su nan kowa yana gani.

Shi ya sa har yau karnukan Tungar Maje suke da kunne ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Shi ya sa suke kama zomo ba sa kashewa, suke shiga ruwa ba sa jin tsoro, kuma mutum ɗaya tak suke kai wa abin da suka ɗauko. Shi ya sa kuma idan kun lura, mafarauci ba ya wuce irin karen nan bai jefa masa ƙashi ba, masunci ma ba ya hana shi kan kifi, ko da bai san dalili ba.

Masu allurar nan suna gari har gobe da azahar. Da safe zan sa babbar rigata in je da katin nan. Ba faɗa zan yi ba. Zan gaishe da yaron, in ba shi labarin daga farko kamar yadda na ba ku, sannan in tsaya a kansa har ya soke "babu" ya rubuta "karen Kyauta" da hannunsa, da rubutu mai kyau, ya sa kwanan wata. Zan tafi masa da alƙalamina don kada ya ce nasa ya ƙare.

Ina alƙalamin ma? Yanzu yana kan gwiwata. Ku duba ƙarƙashin tabarma. A'a, ku bari, ga shi can a bakin mutumin naku, kwikwiyon Hindatu, ya wuce ni ya ajiye a ƙafar Hindatu. Ni na saya da kuɗina, amma ba ni zai kawo wa ba. To Hindatu, tashi ki wanke shi. Kin ji sau nawa.